Na tara tsofaffin gem sun cika ma'aji, zan iya raba wa mutane?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, a Kurna nake. Tun ina ƙarami nake son gem, yanzu kuma na iya kunna wasannin PSP da PS2 da na Sega a waya da kwamfuta ta hanyar emuleta. Fayilolin da na tara sun kusa cika ma'aji mai tarabayit 1. Abokai kullum suna zuwa in tura musu, har na fara tunanin in tsara abin sosai, in riƙa ba duk mai so kyauta, daga baya wataƙila in riƙa karɓar ɗan na caji. To wani abokina ya ce emuleta kanta laifi ce a doka, wani kuma ya ce tsohon gem ba shi da mai shi. Wanne ne gaskiya? Kuma me ya sa wasu wasannin suke tafiya sumul, wasu suke sarƙewa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokanka biyun nan kowanne ya kama gefe ɗaya ya saki sauran. Abubuwa uku ka haɗa a tambayarka: manhajar da take kwaikwayon na'ura, fayil ɗin wasan da ake zuba mata, da kuma iyawar da ka samu ta haɗa su su yi aiki. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon tsaftatacce ne a mafi yawan hali, na biyun dukiyar wani ce ko da ta tsufa, na ukun kuwa naka ne halak malak, kuma shi ne abin da nake so ka gina a kansa. Sana'ata gyaran na'urorin gem da wayoyi ce a wajajen Farm Centre, kafin nan kuma na riƙe gidan gem lokacin da PS2 take tashe, don haka ta wannan ƙofar zan amsa maka.

Abin da emuleta take yi

Kowace na'urar wasa tana da firosesa da ke jin nasa yaren. Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983 kuma kwafinta na China suka cika gidajenmu da kaset ɗin nan mai ikirarin wasa dubu tara, tana aiki da firosesa ɗan gidan 6502 mai gudun da bai kai megahaz 2 ba. Sega Mega Drive ta 1988 tana da Motorola 68000. PlayStation ta 1994, da PS2 ta 2000, da PSP ta 2004, duk 'yan gidan MIPS ne. Wayarka kuwa ARM take ji, kwamfutarka kuma yaren Intel da AMD. Wasan da aka rubuta wa PSP, in ka miƙa shi ga waya kai tsaye, ko harafi ɗaya ba za ta gane ba.

Emuleta tafinta ce tsakanin su biyun. Wasa ya ba da umarni da yaren tsohuwar na'ura, ita kuma ta juya shi zuwa abin da wayarka za ta fahimta, a daidai wannan lokacin, ba tare da jinkiri ba. Kuma ba firosesa kaɗai take wakilta ba: akwai ɓangaren zana hoto, da na sauti, da na karanta faifai, da na fad, kowanne da nasa saurin, kuma dole su tafi tare. Wasan da yake nuna hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. In fassarar ta wuce wannan wa'adin, sai ka ji murya tana kakkatsewa, ɗan ƙwallo yana tafiya kamar a cikin ruwa.

Nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take. Wasan Famicom ko Sega ko Game Boy Advance, kowace waya ta yau za ta ɗauke shi tana dariya. PS1 da yawancin wasannin PSP ma waya matsakaiciya tana iyawa, musamman da yake PPSSPP, emuletar PSP wadda Henrik Rydgård ya fara fitarwa a 2012, an gina ta ne da waya a rai. PS2 ita ce mai taurin kai. Firosesanta bai wuce megahaz 300 ba, amma tana da wasu ƙananan injinan lissafi da suke aiki tare da shi a lokaci guda, kuma masu rubuta wasa sun matse kowanne har ƙarshe. Kwaikwayon wannan haɗin yana cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Shi ya sa yawan RAM da ake tallata waya da shi ba ya ceton ka; ƙarfin firosesa da na zanen hoto su ne magana.

Akwai kuma abin da masu rubuta bayani a Turai ba sa kawowa, mu kuwa muna fama da shi: zafi. A watan Maris da Afrilu, waya tana fara wasa lafiya, bayan ɗan lokaci ta ɗau zafi, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Yaro ya zo shago yana cewa fayil ɗin ne ya lalace, alhali ba abin da ya same shi. Cire mata riga, kada ka yi wasa tana jikin caji, ka mayar da girman hoto zuwa na asali maimakon ninki uku ko huɗu, ka gwada sauya tsakanin Vulkan da OpenGL, wato hanyoyin zana hoto da ke cikin saitin emuleta. In wasan PS2 ne, bugun Turai da yake tafiya a kan hoto 50 a daƙiƙa ya fi bugun Amurka mai 60 sauƙin ɗauka ga na'ura mai rauni. Memori mai arha da ba ya karatu da sauri shi ma yana jawo tsaiko, musamman in an matse fayil ɗin zuwa CSO.

Emuleta a gaban kotu

Abokinka na farko bai yi daidai ba. A 1999 wani kamfani mai suna Connectix ya fitar da Virtual Game Station, manhajar da take kunna faifan PlayStation a kwamfutar Mac. Sony ta kai ƙara, amma a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa binciken yadda na'ura take aiki don a gina abin da zai yi irin aikinta ba satar fasaha ba ne. Wani kamfanin, Bleem, shi ma Sony ba ta kayar da shi a kotu ba, kuɗin shari'a ne suka durƙusar da shi ya rufe a 2001. Kuma su kansu manyan kamfanonin da emuleta suke cin abinci. Nintendo ta sayar da tsofaffin wasanninta a Wii tun 2006 ta wannan hanya, ƙaramar PlayStation Classic da Sony ta fitar a 2018 kuwa, emuletar da ke cikinta PCSX ReARMed ce, wadda 'yan sa-kai suka rubuta. A Afrilun 2024 Apple ma ta buɗe wa irin waɗannan manhajoji ƙofa a shagonta.

Amma akwai iyaka, kuma an gan ta kwanan nan. A farkon 2024 Nintendo ta maka masu Yuzu, emuletar Switch, a kotu, a kan cewa manhajar tana buɗe makullin da aka kulle wasanni da shi, kuma ana amfani da ita wajen buga sabon wasa tun kafin ya shiga kasuwa. Ba a kai ga hukunci ba, sun yi sulhu a kan dala miliyan 2.4 suka rufe, Citra ta 3DS ta tafi tare da ita. A Oktoban shekarar Ryujinx, wata emuletar Switch, ita ma ta tsaya. Darasin da na ɗauka: kwaikwayon na'urar da ta bar kasuwa abu ne daban, fasa makullin na'urar da ake sayarwa yau kuma abu ne daban. Ka nisanci na biyun gaba ɗaya.

Sai BIOS, wanda mutane suke mantawa. Shi ƙaramar manhaja ce ta kamfani da ke cikin na'urar, kuma yana da haƙƙin mallaka kamar wasan. PCSX2 ta PS2 da DuckStation ta PS1 suna buƙatarsa, shi ya sa ba sa zuwa da shi, sai dai su ce ka ciro daga na'urarka. PPSSPP ba ta buƙata, domin an sake rubuta aikinsa daga tushe.

Tsohon gem yana da mai shi

Abokinka na biyu ya fi yin nisa da gaskiya, kuma maganarsa ita ce mai haɗari. Kamfani ya daina sayar da wasa, ko ma kamfanin ya mutu, haƙƙin bai mutu ba. Wani ne ya gada ko ya saya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta sa manhajar kwamfuta a sahun rubutattun ayyuka, masu kariyar shekara 70 bayan mutuwar mai su, ayyukan hoto da sauti kuma shekara 50 daga fitowarsu. Ko da gajeren wa'adin ka ɗauka, Super Mario Bros. na 1985 bai kai ba tukuna, balle God of War ko Winning Eleven. Kasancewar wasan na Japan ne ko Amurka bai fitar da shi ba, domin Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993. Dokar kuma ta yi magana a kan rarrabawa ta intanet da kan karya makullin kariya. Zancen da ake yaɗawa cewa in ka goge fayil cikin awa 24 ba ka da laifi, ba a kowace doka yake ba, masu rabawa ne suka ƙirƙiro shi don su kwantar wa kansu da hankali.

Kuma cewa kyauta kake bayarwa ba ya wanke ka. Waɗanda aka fi dirar wa a duniya masu rabawa ne, ba masu bugawa ba. A 2018 Nintendo ta kai ƙarar masu shafukan raba wasanni na LoveROMs da LoveRETRO, aka ƙare da hukuncin sama da dala miliyan 12. A shekarar EmuParadise, wadda ta shafe kusan shekara 18 tana rabawa, ta sauke fayilolinta da kanta. A 2021 aka ci mai RomUniverse tarar dala miliyan 2.1, kuma karɓar kuɗin rajista da yake yi ya ƙara masa nauyi. Ka lura da wannan, domin "ɗan na caji" da ka ambata shi ne yake mayar da sha'awa ta zama kasuwanci da kayan wani.

Na san abin da za ka ce a ranka: wa zai taso daga Kyoto, hedikwatar Nintendo, ya zo Kurna neman ɗalibi? Wataƙila ba kowa. Amma ni ba tsoron kamu ne ya sa na daina tura wasanni a shagona ba. Mu 'yan Kano mun ga abin nan da idonmu. Akwai lokacin da Ƙofar Wambai take cike da dilolin finafinan Hausa, faifai yana fita, mai shiryawa yana mayar da kuɗinsa ya sake wani. Da kwafi ya yawaita, sannan turawa a memori ta zo, kasuwar faifai ta rushe, mutane da yawa da muka sani suka rasa abin yi. Kowane mai turawa a lokacin yana ganin nasa ɗan kaɗan ne. Ba zan iya jin zafin wancan ba sannan in ce na wasu ƙasashe ba komai. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, domin yana da ƙarfi kuma yana damuna. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Faifai yana ruɓewa, idon na'ura yana mutuwa, batirin da ke riƙe ajiyar kaset yana ƙarewa. Ba don 'yan sa-kai irin su Nicola Salmoria, da ya fara MAME a 1997 don adana wasannin manyan akwatunan gem ba, da tarihi mai yawa ya salwanta. A ganina kamfanonin suna da laifin barin kayansu su ɓace sannan su hana wasu adanawa. Amma kuskuren doka gyara ta ake nema, kuma adanawa daban take da buɗe rumfar rabawa. Mafi yawan abin da abokanka suke nema ma ba wasannin da suka ɓace ba ne, ƙwallo ce da faɗa da tseren mota, waɗanda masu su suna nan da ransu.

To me za ka raba?

Da yawa, kuma ya fi abin da ke cikin ma'ajinka daraja. Fara da emuletocin kansu: PPSSPP, da Dolphin ta GameCube da Wii, da PCSX2, da RetroArch, da MAME, lasisinsu ya yarda a kwafa a raba. Ka ɗauko su daga masu su kai tsaye, ka tura wa wanda ba shi da data. Wannan kaɗai taimako ne, domin jabunsu masu cike da talla sun yi yawa.

Sannan akwai wasannin da masu su suka sake su. SuperTuxKart, da 0 A.D., da Battle for Wesnoth, da OpenTTD, da Freedoom, duk kyauta ne na gaskiya. Beneath a Steel Sky masu shi sun sake shi a 2003, yana tafiya a ScummVM, manhajar kunna tsofaffin wasannin kwamfuta. Masu MAME suna da 'yan wasanni da suka samu izinin rabawa a shafinsu kaɗai, ba don kasuwanci ba. Har yau kuma akwai masu rubuta sababbin wasanni na Famicom da Game Boy da Sega, da yawansu suna bayarwa kyauta a shafin itch.io. Ka karanta sharaɗin kowanne kafin ka tura, domin kyauta ga mai bugawa ba kullum take nufin izinin sayarwa ba.

Abu na gaba, koya wa mutane ciro wasa daga faifansu. Faifan PS1 da PS2 na asali, kwamfuta mai wurin DVD tana karanta shi, manhaja irin ImgBurn ta mayar da shi fayil. Faifan GameCube da Wii ana ciro shi da Wii kanta. Har yanzu ana samun faifai na hannu cikin kayan gwanjo a Sabon Gari, sai dai ka duba da kyau, domin mafi yawan abin da ya yi yawo a garin nan kwafi ne. Na PS1 na asali bayansa baƙi ne. Kwafin da ka ciro daga abin da ka saya, don amfanin kanka, shi ne matsayi mafi tsafta da mai wannan sha'awa zai tsaya a kai. Da zarar ka miƙa wa wani, ka fita daga wannan matsayin.

Abin da na fi so in ga wani ɗan Kano ya yi kuwa shi ne fassara. Akwai abin da ake kira faci: ƙaramin fayil, irin IPS ko BPS ko xdelta, wanda ba ya ɗauke da wasan, sai bambancin da ka shigar kawai. Mai wasan ya ɗora facin a kan nasa kwafin, rubutun ya koma wani harshe. Da haka masu sha'awa suka mayar da wasannin Japan zuwa Turanci da Larabci da Sifaniyanci. Aikin yana da wuya mai daɗi. Za ka nemo inda haruffa suke a cikin fayil, ka zana ƙ da ɗ da ɓ da hannunka a cikin ɗan murabba'i mai ɗigo takwas-takwas, domin babu su a ciki, ka kuma yi dabarar cusa jimlar Hausa a gurbin da aka auna wa gajeren rubutu. Ka fara da wasan kyauta wanda mai shi ya yarda a taɓa, ka ga ba ka da wata fargaba, kuma irin su Wesnoth da SuperTuxKart suna karɓar masu fassara hannu bibbiyu. Wanda ya iya wannan ya koyi lissafin heksa, da tsarin ajiyar bayanai, da haƙurin bin kuskure, abubuwan da ake ɗaukar mutum aiki saboda su.

In kuɗi kake so, karɓi ladan aikinka: saita emuleta, haɗa fad da waya, gyara maɓallai, koyarwa. Wannan guminka ne, ba wanda zai ce ka ci nasa.

Kula da abin da ke shiga wayoyin mutane

Ko da fayil mai tsafta kake turawa, amana ce a wuyanka. Wasan PSP ISO ne ko CSO, na PS1 BIN da CUE ko CHD, na Famicom kuma NES. Duk abin da aka ce maka wasan tsohuwar na'ura ne amma ya zo da EXE ko APK a ƙarshen sunansa, kada ka buɗe. Haka ma matsattsen fayil da aka kulle, aka ce sai ka sauke wata manhaja ko ka shigar da lambar waya kafin a ba ka mabuɗi. Wayoyi da yawa da ake kawo mini suna talla da kansu ko suna cinye kati, daga neman sabuwar ƙwallo ta PPSSPP matsalar ta faro. Waɗannan ƙwallayen masu 'yan wasan bana, ka sani, tsohon wasan Konami ne aka sauya wa riguna da sunaye, kamfanin bai fitar da su ba. A wayar da ake buɗe manhajar banki, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ga kwafin da ka ciro da kanka, ƙungiyoyin Redump da No-Intro suna wallafa lambobin tantancewa na kowane wasa, ba wasan ba. Ka lissafa irin wannan lambar, wato SHA-1, ta fayil ɗinka ka gwada da tasu. In sun dace, kwafinka ya fita daidai. Memori mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, don haka wasu wasannin PS2 sai exFAT. Ka gwada kowane sabon memori ta hanyar cika shi ka sake karantawa, domin na jabu yana nuna girman da ba shi da shi. Kuma ma'aji ɗaya ba ajiya ba ne: ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, ko faɗuwa ɗaya daga kan tebur, ta isa ta tafi da komai. Abin da ba ka son rasawa, musamman ajiyar wasanka da aikin fassararka, ya zauna a wuri biyu.

Ni mai gyara ne, abin da na kawo maka na doka kuma shi ne abin da mai sana'a ya kamata ya sani don ya kiyaye kansa. Shari'o'in da na ambata na Amurka ne, ba sa ɗaure alƙalin Najeriya. Ranar da za ka buɗe shago ko ka sa kuɗi a harkar, ka zauna da lauya ko ka tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ɓangaren addini kuma ka kai wa malaminka da cikakken bayani, har da batun na cajin. Kafin nan, ka zauna da ma'ajin nan ka raba shi gida uku: abin da ka ciro daga faifanka, abin da masu shi suka sake, da sauran. Na biyun kaɗai za ka riƙa tura wa abokai. In sun zo neman na ukun, ka saita musu emuleta, ka nuna musu yadda ake ciro wasa daga faifai, ka kuma tambayi wanda Hausarsa ta fi kyau a cikinsu ko zai zauna ku fara fassarar wasa ɗaya tare.